Nawa ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'a ta kai a Amurka, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga?

Wani ɗan'uwa daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce ya karanta cewa a Amurka akwai jami'ar da aka yi wa ƙungiyarta ta ƙwallon kwando kuɗi har sama da dala miliyan 300, abin ya ɗaure masa kai: "'Yan makaranta ne fa ke buga wasan nan. Daga ina dukiyar take fitowa? Wa ya yi lissafin? Kuma da gaske duk jami'ar da ke da ƙungiya riba take ci? Ina tambaya ne don ɗan wana yana buga kwando, Allah ya ba shi tsawo, kullum ba shi da zance sai na Amurka."

Malam, adadin da ka gani ba ƙarya ba ne, amma ba farashi ba ne. Farashi sai an taya an sallama. A 2025 an yi cinikin Boston Celtics ta gasar ƙwararru ta NBA a kan dala biliyan 6.1, akwai mai saye akwai mai sayarwa. Ƙungiyar jami'a kuwa ba hajar kasuwa ba ce, sashe ce na makaranta kamar ɗakin karatu ko tsangayar shari'a. Abin da masu ƙiyasi suke yi, irin su Ryan Brewer, malamin harkar kuɗi a jami'ar Indiana wanda jaridar Wall Street Journal ta sha buga lissafinsa, shi ne su ɗauki kuɗin shiga da na fita na 'yan shekaru, su kintata yadda za su ƙaru nan gaba, su rage wani abu saboda kasada, sannan su ce da a ce za a sayar, ga abin da za ta yi. A irin wannan lissafi ne jami'o'in Kentucky da Louisville da North Carolina da Duke da Kansas suke yawo a sahun gaba da ɗaruruwan miliyoyi. Ni ba na raina wannan aiki, yana nuna wa ya fi wa. Sai dai yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci, wato wurin da ake samar da kuɗin daban, wurin da suke sauka daban.

Uwar kuɗin duka gasa ɗaya ce ta mako uku a watan Maris zuwa farkon Afrilu, wadda suke kira March Madness, haukan Maris ke nan. An faro ta a 1939 da ƙungiyoyi takwas, a 2011 aka mayar da su 68. Sili ɗaya ƙwale ake yi, ka faɗi sau ɗaya ka tattara naka ya naka, abin da ya sa har wanda bai san kan wasan ba yake zama ya kalla. Gasar mallakar NCAA ce, hukumar wasannin jami'o'i mai hedikwata a Indianapolis. A 2010 tashoshin CBS da Turner suka sayi haƙƙin nuna ta na shekara 14 a kan dala biliyan 10.8, a 2016 aka ƙara musu shekara takwas a kan biliyan 8.8, har zuwa 2032. Ka raba wannan na biyun ka gani, sama da biliyan ɗaya ke nan duk shekara, kuma shi ne kaso mafi tsoka na duk abin da hukumar take samu. Da annobar korona ta sa aka soke gasar a 2020, rabon da aka shirya yi wa makarantu na dala miliyan 600 sai da ya dawo miliyan 225.

Yadda ake rabon ne mutane da yawa ba su sani ba. Ba a miƙa wa jami'ar da ta ci kofi wani buhun kuɗi. Jami'o'in suna cikin ƙawance-ƙawance ne, kowane ƙawance da gasarsa ta cikin gida: Big Ten, SEC, ACC, Big 12, Big East, da ƙanana birjik. Duk wasan da ƙungiya ta buga a gasar Maris, ta samar wa ƙawancenta kaso ɗaya. Ana biyan kason kaɗan-kaɗan cikin shekara shida, jimillarsa kusan dala miliyan 2. Ƙawancen ne ke karɓa, kuma galibi raba daidai yake yi wa membobinsa, har da waɗanda ko ƙofar gasar ba su leƙa ba.

Dubi abin da ya faru da Saint Peter's a 2022. Ƙaramar makaranta ce a Jersey City, ɗalibanta 'yan dubbai kaɗan, wadda albashin kocin Kentucky shi kaɗai ya ninka duk abin da take kashe wa ƙungiyarta ta kwando a shekara. Ta kayar da Kentucky ɗin, ta kayar da Murray State, ta kayar da Purdue, sai a wasa na huɗu North Carolina ta tare ta. Wasa huɗu, kaso huɗu, kusan dala miliyan 8, amma cikin shekara shida, kuma na ƙawancenta ne, MAAC, mai makarantu 11 a lokacin. Kafin ƙura ta lafa, koci Shaheen Holloway ya koma Seton Hall, manyan 'yan wasanta sun watse zuwa wasu makarantu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2025 kuwa ƙawancen SEC ya shigar da ƙungiyoyi 14 a gasar, abin da ba a taɓa yi ba, ya tashi da kusan dala miliyan 70. Tsarin na kashin dankali ne: wanda ya shigar da ƙungiyoyi da yawa ya fi samun kuɗi, da kuɗin yake sayen koci da gine-gine, da su yake sake shigar da ƙungiyoyi da yawa baɗi.

Bayan gasar Maris sai kasuwar gida, kuma nan ne manyan suke yi wa saura fintinkau. Kuɗin tikiti wani ɓangare ne kawai. A Kentucky ko Duke ko Kansas, kujera mai kyau ba a sayen ta haka kawai. Sai ka fara ba asusun wasannin makarantar gudummawa duk shekara, girman gudummawarka shi ke nuna layin da za ka zauna, sannan a ba ka damar sayen tikitin. Kafin dokar haraji ta 2017 har rangwamen haraji ake yi wa mai ba da wannan gudummawa a kan kashi 80 cikin 100 na abin da ya bayar, ka ga gwamnati ma tana tallafa wa attajiri ya kalli wasa. Akwai ɗakunan alfarma da kamfanoni ke kamawa na shekara, akwai kuɗin sa wa zaure sunan kamfani, akwai kwangilar takalmi da riga. Kansas ta sa hannu da Adidas a 2019 a kan dala miliyan 196 na shekara 14. Kwangilar ta duk wasannin makarantar ce, amma kowa ya san don kwando aka biya, ba don ƙungiyar zari-rugar Amurka (American football) ta Kansas ba.

Louisville ce misalin da na fi son in yi wa mutane bayani da shi, don ta nuna hawan ta nuna saukar. Birni ne babba wanda ba shi da ƙungiyar ƙwararru a NBA ko NFL ta zari-ruga, don haka jami'ar ta zama ita ce ƙungiyar gari. A 2010 aka buɗe zauren KFC Yum! Center mai ɗaukar mutum kusan 22,000, wanda ya ci dala miliyan 238. Akwai shekarun da ƙwallon kwando na maza kaɗai ya kawo wa jami'ar sama da dala miliyan 40. To amma zauren ba jami'ar ta gina da kuɗinta ba. Bashi aka ci, kuma harajin jama'ar birni da na jiha na cikin abin da ake biyan sa da shi. A littafin ƙungiya riba ce zalla, nauyin yana wuyan wasu. Sai 2017 ta zo da binciken FBI kan zargin biyan iyalan 'yan wasa kuɗi a ɓoye, aka sallami koci Rick Pitino. A 2018 NCAA ta ƙwace kofin 2013 saboda wata badaƙala ta daban. A kakar 2022 zuwa 2023 ƙungiyar ta ci wasa 4, aka ci ta 28, kujeru suka koma wayam. Zaure dai shi ne, birni shi ne, amma ƙimar da aka rubuta a jarida ta zube. Dukiyar da ke rataye a kan koci ɗaya da yara goma sha uku ba ta da tabbacin gona ko gida.

Duk wannan kuwa, in aka zo zancen manyan kuɗi, ƙwallon kwando ƙane ne. Wan shi ne zari-rugar Amurka. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1984, a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka shigar, NCAA ta rasa iko da kuɗin talabijin na zari-ruga, ya koma hannun ƙawance-ƙawancen. A 2022 Big Ten ta ƙulla cinikin shekara bakwai da Fox da CBS da NBC a kan sama da dala biliyan 7, kuma mafi yawansa don zari-ruga aka biya. Kwatanta da Big East, wadda a 2013 makarantun Katolika bakwai suka ɓalle suka sake kafawa da ƙwallon kwando a gaba, babu zari-ruga. Fox ta ba ta dala miliyan 500 na shekara 12, wajen miliyan 4 ke nan a shekara ga kowace cikin makarantu goma da ta fara da su. A tsawon wannan kwangila Villanova ta ci kofi a 2016 da 2018, jami'ar Connecticut (UConn) ta ci a 2023 da 2024. Kofi huɗu. Amma makarantar da ke ƙarshen teburi a Big Ten tana karɓar rabon sama da dala miliyan 60 a shekara.

Shi ya sa UCLA, jami'ar California ta Los Angeles, mai kofi 11, wadda ba wanda ya kai ta a tarihin gasar maza, ta bar ƙawancenta na gaɓar yamma a 2024 ta bi Big Ten. Yanzu 'yan kwandonta kan tashi daga Los Angeles su je New Jersey su buga da Rutgers a tsakiyar zangon karatu, tafiyar da ta fi nisan Kano zuwa Jidda. Ba wanda ya nemi shawarar ƙwallon kwando a wannan hijira, kuɗin zari-ruga ne ya ja kowa.

Yanzu ga tambayarka ta ko kowa na cin riba. A'a, ganin kitse ake wa rogo. Makarantun da ke matakin farko, mafi girma cikin matakai uku na NCAA, sun haura 350, kuma mafi yawansu da tallafin makaranta da kuɗin ɗalibai suke numfashi. A ƙididdigar NCAA ta 2019, cikin manyan makarantu 130 masu zari-ruga, 25 ne kacal sashen wasanninsu ya samar da fiye da abin da ya kashe. Akwai inda ake ɗora wa kowane ɗalibi kuɗin wasanni a cikin kuɗin makaranta, ko yana kallo ko ba ya yi. A James Madison ta jihar Virginia abin ya taɓa haura dala 2,000 a shekara kan kowane ɗalibi.

In ka buɗe rahoton da doka ta wajabta wa makarantu su miƙa wa ma'aikatar ilimi ta Amurka duk shekara, za ka ci karo da wani abin dariya: makarantu da yawa kuɗin shigar ƙungiyarsu da kuɗin fitarta daidai suke, har dala ɗaya ba ta bambanta ba. Ba iya tattali ba ne. Giɓin da makaranta ta cike daga aljihunta shi ake rubutawa a layin kuɗin shiga. A ɗaya gefen kuma, manyan da ke da rara ba su cika son a ga rarar ba. Jami'a ba kamfani ba ce, ba ta da masu hannun jari da za a raba wa riba, don haka duk abin da ya shigo sai an nemo masa mafita: ƙarin mataimakan koci, jirgin shata, sabon wurin atisaye, albashi. A 2023 Kansas ta sabunta kwangilar Bill Self a kan kusan dala miliyan 53 na shekara biyar. A 2024 Dan Hurley ya ƙi tayin Los Angeles Lakers na miliyan 70, ya zauna a UConn a kan miliyan 50 na shekara shida. Duk wanda zai ƙiyasta ƙimar ƙungiya daga layin riba na irin wannan littafi, ya sani littafin ba don a auna riba aka rubuta shi ba.

Ƙananan kuma suna da tasu sana'ar: sayar da kai. Babbar makaranta na son wasan gida mai sauƙi a watan Nuwamba da Disamba, sai ta biya ƙarama dubban daloli, wani lokaci har kusan 100,000, ta zo a lallasa ta. A kakar 2017 zuwa 2018 Texas Southern ta buga wasanninta 13 na farko duk a waje, aka cinye ta duka, kuɗin da ta tara suka taimaka wajen riƙe sashen wasannin makarantar. Abin mamaki, a wannan kakar ta ci gasar ƙawancenta ta shiga gasar Maris.

To me ya sa suke nacewa? Don talla. Akwai makarantu dubbai a Amurka suna gogayya kan ɗalibai masu biyan kuɗi, kuma sa'a biyu a talabijin ɗin ƙasa ba abin da ƙaramar makaranta za ta iya saya ba ne. Wani nazari da Devin Pope da Jaren Pope suka wallafa a 2009 ya gano cewa nasara a kwando ko zari-ruga tana ƙara masu neman gurbin karatu da kashi 2 zuwa 8 cikin 100. Ƙari ne na gaske, amma ba mai yawa ba, kuma yana dusashewa in nasarar ba ta ɗore ba. Wadda abin ya karɓa sosai ita ce Gonzaga ta garin Spokane. Ba ta da zari-ruga tun 1941. A 1999 ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, ta naɗa Mark Few koci ta riƙe shi, ta gina zaure mai kujera 6,000 a 2004, ta riƙa zuwa gasar Maris shekara bayan shekara, yawan ɗalibai da gudummawa suka yi sama. Butler ma zuwanta wasan ƙarshe a 2010 da 2011 shi ya buɗe mata ƙofar Big East. Matsalar ita ce kowane shugaban jami'a da Gonzaga yake kafa hujja in zai nemi ƙarin kasafi. Ba ya tuna Saint Francis ta Pennsylvania, wadda ta shiga gasar Maris a 2025, karon farko tun 1991, Alabama State ta cire ta da maki 70 da 68, bayan mako guda makarantar ta sanar cewa za ta sauka zuwa mataki na uku, inda ba a ba da tallafin karatu don wasa.

Ɓangaren mata kuwa, a ganina shi ne kadarar da aka fi yi wa mugun farashi. Shekara da shekaru NCAA tana cusa gasarsu cikin damin sauran gasanni tana sayar wa tashar ESPN a dunƙule, duka damin a kan kusan dala miliyan 34 a shekara. A 2021 'yar wasan Oregon, Sedona Prince, ta ɗauki bidiyon 'yan ƙarafan motsa jiki da aka ajiye wa mata a San Antonio, alhali an cika wa maza katafaren ɗaki, abin ya zama abin kunya. A 2024 wasan ƙarshe na mata tsakanin South Carolina da Iowa ta tauraruwa Caitlin Clark ya samu masu kallo kusan miliyan 18.9, na maza miliyan 14.8. A sabuwar kwangilar ESPN ta dala miliyan 920 na shekara takwas, an ƙiyasta gasar mata a kan miliyan 65 a shekara, kuma sai a 2025 aka fara ba su nasu kason na kowane wasa.

Na bar maganar ɗan wanka a ƙarshe da gangan, don ita ce ke sauya duk lissafin da na yi a sama. Ribar da manyan suka daɗe suna ci, tushenta shi ne masu aikin ba sa karɓar albashi. Hakeem Olajuwon ya taso daga Legas ya kai jami'ar Houston wasan ƙarshe a 1983 da 1984, ladansa karatu da abinci da makwanci. A watan Fabrairun 2019, a zauren Cameron na Duke mai kujera 9,314, ana wasa da North Carolina, tikiti mafi araha a hannun 'yan tsakiya ya haura dala 2,000, Barack Obama na zaune a gefen fili, kowa ya zo ganin yaro ɗaya, Zion Williamson. Ba a cika minti ɗaya da farawa ba ya juya, takalminsa na Nike ya yage, ƙafa ta fito waje, ya faɗi ya riƙe gwiwa. Washegari hannun jarin Nike ya ɗan sauka. Jami'a na da kwangila da Nike, shi da takalmin ya yage a ƙafarsa dokar NCAA ta hana shi karɓar ko sisi daga kamfanin.

Kotuna ne suka rushe wannan. Ed O'Bannon, gwarzon UCLA na 1995, ya ga an sa siffarsa a wasan kwamfuta ba tare da an tambaye shi ba, ya kai ƙara a 2009. A 2021 Kotun Ƙoli, duk alƙalanta tara, ta yanke wa NCAA hukunci a shari'ar Alston, daga 1 ga Yuli na shekarar kuma aka bar 'yan wasa su ci kuɗin sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL. A watan Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House: za a biya 'yan wasan baya diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kuma kowace makaranta na iya biyan 'yan wasanta kai tsaye har miliyan 20.5 a shekarar farko. Rabon da da yawa suka ɗauka a matsayin ma'auni shi ne kashi 75 ga zari-ruga, 15 ga kwandon maza, 5 ga na mata, 5 ga saura. Ka ga kwandon maza ya tashi da wajen miliyan 3 ke nan. Makarantun Big East da ba su da babbar ƙungiyar zari-ruga da za ta cinye rabon suna iya zuba wa kwando fiye da haka in suna da shi, karon farko da rashin wan ya zama alheri ga ƙane. Ƙiyasin ƙima da aka yi kafin 2021 duk an yi shi ne babu wannan layi na albashi a ciki.

Shi ɗan namu, akwai wani shinge da ɗan Amurka ba shi da shi. Ɗalibin waje da bizar karatu ta F-1 yake shiga, kuma ita ta taƙaita aikin kuɗi a cikin ƙasar. Shi ya sa Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango da ya zama gwarzon shekara a Kentucky a 2022, sai da ƙungiyarsu ta je Bahamas ya yi ta ɗaukar hotunan talla da sa hannu a kaya a can, don a wajen Amurka bizar ba ta ɗaure shi. In Allah ya sa wata makaranta ta neme shi, kafin a sa hannu a kan komai a tambayi ofishin ɗaliban waje na makarantar yadda za a biya shi ba tare da an taɓa bizarsa ba, kuma a nemi amsar a rubuce. Sannan kar ya raina ƙaramar makaranta. Masai Ujiri, da ya taso nan Zariya taku, a Bismarck State College ta jihar North Dakota ya buga, kwalejin da ba ta cikin jerin ƙimar kowa, kuma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019.